Tsoho Ya Faɗi, Sai Me? Jagorar Tallafar Juna da Zaɓen Abin Dogarawa

Aikina gashi ne da motsa gaɓɓai, kuma yawancin waɗanda ake kawo mana bayan sun faɗi dattawa ne. Kurakurai uku ne suka sa ni wannan rubutu, don ba sa canzawa, ko daga birni aka kawo mutum ko daga ƙauye. A ciccibi wanda ya faɗi nan take, ba a duba ko ya karye ba. A kwantar da shi a ɗaki a hana shi ko ɗaukar buta, wai tausayi. Daga baya a sayo masa sanda ko keke ba awo ba shawara, ya jingine ta bayan ƙofa tana shan ƙura. Masu yin haka duk masoyansa ne, shi ya sa gyaran yake da wuya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ne ke rasuwa duk shekara sanadin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki, kuma 'yan shekara 60 zuwa sama abin ya fi ɗauka. A cikin waɗanda suka kai 65, kashi 28 zuwa 35 cikin 100 suna faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. Amma abin da ya fi nakasa tsoho sau da yawa ba raunin ba ne. Tsoro ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ya daina fita, ƙafa ta mutu, ranar da larura ta tilasta masa miƙewa ya sake faɗuwa.

Wannan tsoron ba ɗa ke cire shi ba. Ɗa yana jin nauyin mahaifinsa, uba kuma ba ya son ɗansa ya ga gazawarsa. Wanda ake saurara shi ne tsara: abokin majalisa, ko ƙawar Islamiyya, wanda shi ma ya taɓa shan ƙasa ya tashi. Saboda irin wannan mutum na rubuta jagorar nan, da kuma mutanen gidan da zai shiga.

Abin da ake buƙata

Na farko, mutumin da ya dace. Namiji ga namiji, mace ga mace, shekarunsu kada su yi nisa da juna. Ya zama mai riƙe sirri, domin za a faɗa masa abin da ba a faɗa wa 'ya'ya, kamar kufcewar fitsari a hanyar banɗaki. A guji mai labarin "wane ma haka ya faɗi, bai ƙara tashi ba." Irin wannan gara ya yi addu'a daga gidansa.

Na biyu, yardar mai jinyar kansa, da ta mutanen gida. Sauran kayan ba su da tsada: kujera mai ƙwari mai hannuwa (ba farar kujerar roba ba, ƙafafunta suna buɗewa), tef ɗin awo irin na tela, waya mai ƙirga sakan, tocila, ƙaramin littafi da biro, da lambar wayar wani ma'aikacin lafiya da za a iya kira. Sai takalmi mai kama dunduniya. Silifas na gaba-gaba cikin abin da ke kayar da tsofaffinmu.

Mataki na 1: Ranar faɗuwa, kada a yi saurin ɗagawa

Ka durƙusa kusa da shi ka yi masa magana. Ya san inda yake? Ina ke ciwo? Ya bugu a ka? Sannan ka dubi ƙafafunsa biyu. In ɗaya ta fi ɗaya gajarta, tafin ƙafar ya juya waje, ga ciwo a matsematsi ko ƙugu, to ka ɗauka ƙashin ƙugu ya karye har sai hoto ya ƙaryata ka. Kada a tsayar da shi, kada a ja ƙafar. A lulluɓe shi, a ɗora shi kan abu mai faɗi da ƙwari, a nufi asibiti. In wuya ko gadon baya yake kuka da shi, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, ko motsa shi kada a yi sai da wanda ya san aikin.

Zan faɗi magana a kan ɗori, ba don raina maɗora ba. Wuyan ƙashin cinya a can ciki yake, nama ya binne shi, babu karan da zai kama shi daga waje. Irin wannan karaya aiki take so, kuma likitocin ƙashi sun fi son a yi shi cikin kwana biyu, domin kwanciyar watanni ita ke jawo ciwon huhu, daskarewar jini a jijiya da gyambon baya. Ɗaurin da ya matse har yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka yi baƙi, a kwance shi a tafi asibiti a ranar, don ta nan ake rasa hannu da ƙafa. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano tun 1959 yake wannan aiki, ga asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano, da Shika, da na Sakkwato. A yi hoto tukuna, sauran shawara ta biyo baya.

Bugun kai kuma yana da yaudara. Jini kan taru a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai, alamar ta fito bayan kwanaki ko makonni: ciwon kai, yawan barci, amai, ruɗewa, raunin ɓari ɗaya. Mutanen gida sai su ce rikicin tsufa ne. Wanda ke shan maganin tsinka jini irin su aspirin ko warfarin, in ya bugu a ka likita ya gan shi ko da yana dariya.

Mataki na 2: A nemo abin da ya kayar da shi

"Tsautsayi ne" gaskiya ce, amma tsautsayi yana da ƙofar shiga. Ka tambaya a hankali ka rubuta: wane lokaci ne, a ina, me yake yi, me ya ji kafin ya faɗi. Wanda ya ce santsi ya kwashe shi a wurin alwala daban yake da wanda ya ce yana miƙewa daga gado ya ga duhu-duhu. Na biyun jininsa ne ke sauka in ya tashi tsaye, abin da maganin hawan jini, rashin shan ruwa da zafin bazara ke ƙarawa. Wanda bai tuna yadda aka yi ya tsinci kansa a ƙasa ba, wataƙila suma ya yi, zuciyarsa na son dubawa.

A zuba duk magungunansa a leda, har na kemis da na gargajiya, a kai wa likita. Maganin barci irin su diazepam yana sa layi. Maganin suga yana iya kayar da mai shi in bai ci abinci ba, musamman da azumi. A duba ido saboda yana, a duba tafin ƙafar mai ciwon suga, don wanda ba ya jin ƙasa ba zai san ya taka dutse ba. Mai tallafi ba ya tsayar wa kowa magani, ba ya kuma raba nasa. Aikinsa ya tabbata an kai maganar inda ta dace.

Mataki na 3: Ziyarar farko

A nan masu farawa suka fi ɓata aiki, don suna zuwa da wa'azi a baki. Kada ka shiga da sanda a hannu a matsayin kyauta. Kada ka ce "ai ba komai." Da komai mana, mutumin da ya shekara saba'in yana tafiya da ƙafarsa jikokinsa sun gan shi kwance a tsakar gida. Ka yi sallama, ka yi masa sannu da jiki, ka zauna daidai da shi, ba a tsaye a kansa ba. Ka nemi yara su ba ku wuri.

Ka fara da naka labarin, a gajarce, har da ɓangaren da ba daɗi: yadda ka riƙa ƙin shan ruwa da yamma don kada fitsari ya tashe ka, yadda ka riƙa cewa mura kake yi don kada a tambaye ka masallaci. Da ya ji haka zai san ba bincike ka zo yi ba. Sai ka yi shiru. Shirun yana da wuyar riƙewa, amma a cikinsa ake jin "wallahi Malam, ni ma tun ranar ban ƙara shiga banɗaki ni kaɗai ba."

Tambaya ɗaya ta fi kowace amfani: "Me ka fi kewa?" Wani zai ce sallar asuba a jam'i. Wani rumfarsa ta kasuwa. Hajiya za ta ce girkinta, ko zuwa barka da suna, ko kiwon awakinta. Abin da ya ambata shi za ka rubuta a saman shafi, duk sauran matakan hanyar zuwa can ne. Tsoho ba zai motsa jiki don "lafiya" ba, amma zai yi don ya koma sahun gaba.

Kada ka wuce rabin awa. Ka sa ranar dawowa, ka kuma cika. Wanda aka yi wa tururuwar dubiya a makon farko, a mako na uku shi kaɗai yake kwana yake tashi. In ka ga ya daina cin abinci, ba ya barci, yana yawan cewa ya zama kaya gara ya tafi, wannan ya wuce ƙarfin hira. Ka sanar da babban ɗansa ko wanda ke kula da shi, a kai shi ga likita.

Mataki na 4: A tayar da shi

Da zarar likita ya ce ba karaya, ko ya ba da izinin taka ƙafa, kwanciya ta zama cuta. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2007 ya kwantar da lafiyayyun dattawa kwana 10, suka rasa kusan kilo 1 na naman ƙafa. Masu lafiya ke nan, ina ga mai jinya.

Motsin ba ya buƙatar na'ura. Ya zauna a kujera, ya miƙe, ya koma ya zauna a hankali ba ya faɗa ciki ba, sau 5 zuwa 10. Ya dafa bayan kujera ya ɗaga dunduniya ya tsaya kan yatsu. Ya yi tafiyar gefe yana bin bango. Irin waɗannan ne ginshiƙin shirin Otago na ƙasar New Zealand, wanda ake yi sau uku a mako, aka kuma gano ya rage faɗuwa da kusan kashi 35 cikin 100. Ku yi tare, kai ma kana buƙata. Ka tsaya a ɓangarensa mai rauni, ɗan baya kaɗan. In ya ji jiri, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, a tsaya.

Ka koya masa tashi daga barci hawa-hawa: ya zauna bakin gado minti ɗaya yana motsa ƙafa, ya miƙe ya ɗan tsaya, sannan ya taka. Batun salla kuwa, wasu suna wahalar da kansu da tsayuwar da ba za su iya ba. Hadisin Imrana bin Husaini da ke cikin Bukhari ya ba marar lafiya damar yin salla a zaune, in ya kasa a kishingiɗe. In bai natsu da bakinka ba, limamin unguwa ya faɗa masa.

Mataki na 5: Maganar sanda

Ga gwajin da zai raba gardama. Auna mita 3 daga kujera ka ja layi. Ya tashi, ya je layin da tafiyarsa ta kullum, ya juyo ya zauna. Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta ɗauki sakan 12 ko fiye a matsayin alamar haɗarin faɗuwa. Haka wanda ke tafiya yana dafa bango, ƙofa da kafaɗar jika. Wannan ya riga ya fara dogarawa, sai dai da abin da ba zai bi shi titi ba.

Zai ce, "Ni ban tsufa haka ba," ko "so kuke a ce na zama gurgu." Kada ka yi musu. Ka tuna masa cewa liman da sanda yake hawa mumbari, sarki sai an miƙa masa sanda yake cika sarki, kuma Suratu Ɗaha ta ba da labarin Annabi Musa, alaihis salam, yana dogara da tasa. Mata sun fi jin kunyar abin, don ba a saba ganinsu da kwagiri ba. A wurinsu babu hujjar da ta kai su ga ƙawarsu ta shigo gidan biki da tata, an ba ta wuri, ba wanda ya yi dariya. Ka bar shi ya gwada taka a cikin ɗaki. Ka bar shi ya zaɓi tasa da kansa, ko da launi ne kawai.

Mataki na 6: Zaɓe da awo

In da hali, ma'aikacin sashen gashi ne zai zaɓa. Ga abin da ya kamata kowa ya sani.

Sanda mai ƙafa ɗaya ta wanda ke iya tafiya ce amma yana tangaɗi, ko gwiwa ɗaya ko ƙugu ɗaya na ciwo. Awonta: ya tsaya da takalmin da ya saba sawa, hannuwa a sake, mariƙin ya zo daidai layin wuyan hannu. In ya riƙe, gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Doguwa tana ɗage kafaɗa ta hana shi danna nauyi, gajera tana sa shi duƙawa gaba. Ta katako a kifa ta, a yi alama, kafinta ya yanke daga gindi. Ta ƙarfe mai ramuka a tabbata maɓallin ya shiga ya fito. Gindin dole da roba mai zane. Sanda ba roba a kan tayil mai ruwa ta fi rashin sanda haɗari, kuma robar tana cinyewa, a riƙa dubawa duk wata.

Kuskuren da na fi gani shi ne hannun da ake riƙewa. Kusan kowa yana riƙe ta a ɓangaren ƙafar da ke ciwo. A ɗaya ɓangaren ake riƙewa: ciwo a dama, sanda a hagu. Dalili kuwa, in mutum na tafiya hannun hagu da ƙafar dama ne ke fita tare. Sanda da ƙafa mai ciwo su sauka lokaci ɗaya, su raba nauyin, jiki ya tsaya a tsakiyarsu. A matakala ko dandamali, wajen hawa lafiyayyar ƙafa ce gaba, wajen sauka sanda da mai ciwon ne gaba. Haka wajen shiga adaidaita sahu da fitowa. Ku maimaita wannan a dokin ƙofar ɗaki har ya zama jiki.

Sanda mai 'yan ƙafafu huɗu a gindi tana taimakon mai shanyewar ɓarin jiki, amma sai a daɓe mai bai ɗaya. A tsakar gida mai tudu da kwari rawa take yi.

Sandunan hammata na matasa ne da suka karye, tsoho da wuya ya iya da su. Wanda zai yi amfani da su ya bar tazarar yatsu biyu zuwa uku tsakanin hammata da kan sandar, nauyi ya sauka a tafin hannu. Rataya hammata a kai yana danne jijiya har wuyan hannu ya saki.

Ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, wanda ake riƙewa da hannu biyu, na wanda ƙafafunsa duka suka yi rauni ne ko aka yi wa aikin ƙugu. A ɗaga shi, a ajiye ƙafafun huɗu a ƙasa, sannan a taka zuwa ciki. Kada ya ja shi don ya miƙe daga zaune, zai kifo masa. Hannun kujera zai dafa ya tashi, sannan ya kama. A auna faɗin ƙofar banɗaki kafin a saya.

Keken guragu ba ƙarshen tafiya ba ne. Mutum na iya takawa a gida, ya hau keke in za a je nesa. Sai dai kekunan da ake rabawa a taron tallafi yawanci girmansu ɗaya, kuma don barandar asibiti aka yi su, ba don yashi da kwata ba. A duba faɗin mazauni, burki, matakin ƙafa, a sa matashi mai kauri. A ja burki duk lokacin hawa da sauka. Mai zama a ciki ya riƙa ɗaga jiki ko karkatawa aƙalla duk rabin awa, wanda ke kwance a juya shi duk awa 2, a duba fatar mazaunai da dunduniya kullum. Tabon da ya yi ja ko ya yi duhu bai koma ba, farkon gyambo ne. Keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, irin wanda masu larurar shan-inna suka daɗe suna ƙerawa da kansu a Kano, ya fi jure titunanmu, amma yana son ƙarfin damtse kuma ba ya shiga ɗaki.

Mataki na 7: Bi hanyar da yake bi

Ka bi ta da ƙafarka daga gadonsa zuwa banɗaki, da dare, an ɗauke wuta. Za ka ga gefen darduma da ya naɗe, wayar caji, takalman yara, turmi, gansakuka a bakin rariya. A kwashe, a kankare. Tocila ta kwana a gefen filo. Mai walda ya kafa ƙarfen dafawa a bangon banɗaki da wurin alwala. Tsuguno a masai yana da wuya ga mai ciwon gwiwa, kafinta zai iya huda kujera a ɗora a kai. A sa masa kujerar wanka, a ajiye fo a ɗaki saboda dare. Katifar ƙasa a ɗaga ta zuwa tsayin gwiwa.

Mataki na 8: Koyon tashi daga ƙasa

Wanda ya san zai iya tashi rabin tsoronsa ya tafi. A gwada a kan katifa, da mutum biyu a kusa, kuma ban da wanda aka yi wa aikin ƙugu sai da izinin likitansa. Ya mirgina gefe, ya dafa ya koma kan gwiwoyi da tafukan hannu kamar mai ɗagowa daga sujada, ya rarrafa zuwa kujera, ya dafa ta da hannu biyu, ya kawo ƙafa mai ƙarfi gaba ya kafa, ya tura jiki sama ya juya ya zauna. In ya kasa, kada ya ƙarar da ƙarfinsa. Ya yi kira, ya buga sanda a ƙofa, ya jawo abin rufa. Kwanciya a ƙasa fiye da awa ɗaya ita kanta haɗari ce, don haka ƙaramar waya ta zauna a aljihunsa har banɗaki, kuma a daina sa sakata ta ciki.

Mataki na 9: Komawa cikin mutane

Fitar farko ku yi ta tare, da rana, gajeriya: ƙofar gida, gobe bakin layi, jibi masallaci a sallar la'asar kafin a kai ga asuba. In kun kai uku ko huɗu a unguwa, ku sa rana ɗaya a mako ku haɗu a zaure ko bayan karatu. Ku yi motsa jikin tare, ku duba robar sandunan juna, wanda ya sake faɗuwa ya faɗa ba tare da an yi masa faɗa ba. Kayan da wani ya gama da su a ajiye don aro, amma a sake awo ga sabon mai shi.

Kuna da bakin magana kuma. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashigarsu, wa'adin kuma ya cika. Banki da ofis sai a bi su da takarda. Masallacin unguwa kuwa ba ya buƙatar doka: ku sami kwamiti ku roƙi gangara a ƙofa ɗaya, ƙarfen dafawa a wurin alwala, da kujeru biyu a ƙarshen sahu.

In akwai dattijo ko dattijuwa a layinku da aka daina gani tun ranar da aka ce ya faɗi, kai da ka taɓa faɗuwa ka tashi, ka je ka yi sallama a gidan cikin makon nan, ka tafi da tef ɗin awo a aljihu.